Manhajar gane irin kaza ta hoto: yadda ta kaya da kaji masu baƙin zanko

Manhajojin waya masu gane irin kaza daga hoto sun yawaita a 'yan shekarun nan, kuma alƙawarin da suke yi kusan ɗaya ne: mutum ya ɗauki hoton kazarsa, cikin daƙiƙa kaɗan a faɗa masa irinta da asalinta da yawan ƙwan da za ta yi. Wadda nake bita a nan tana da sigar kyauta da kuma sigar da ake biya wata-wata, kuma na yi amfani da ta biyun. Ba zan kama sunanta ba, domin yawancin abin da zan faɗa ya shafi yadda ire-irenta suke aiki ne baki ɗaya. Na gwada ta musamman a kan kajin da zankonsu da leɓensu, wato fatar nan da ke reto a ƙarƙashin baki, suke da duhu, ko baƙi wuluk ko ja mai duhun da ya karkata zuwa shunayya. Na zaɓi waɗannan ne saboda a nan masu kiwo suka fi ruɗewa, a nan kuma aka fi sayar wa mutane abin da ba shi ba.

Amfani da ita ba shi da wahala. Ana ɗaukar hoto ko a ɗauko daga ma'ajiyar waya, sai ta fito da sunaye uku a jere tare da kason tabbacin da take da shi a kan kowanne, kuma idan aka taɓa suna sai shafin bayanin irin ya buɗe. Tana buƙatar intanet, ba ta da nauyi a waya, kuma sigar da ake biya ba ta da tallace-tallace. A kan kaji masu jan zanko da launin gashi sananne, kamar Rhode Island Red ko farar Leghorn, ba kasafai take kuskure ba. Wannan ɓangaren bai buƙatar dogon bayani.

Kafin a fahimci inda take tuntuɓe, ya kamata a san abin da ke sa zankon kaza ya yi baƙi tun daga ƙwai. Akwai wani yanayi na gado da masana ke kira fibromelanosis, wanda ke sa ƙwayoyin da ke samar da baƙin launi su bazu fiye da kima, ba a gashi kaɗai ba, har a fata da nama da saman ƙashi da kayan ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2011, wanda masana na Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka jagoranta, cikinsu har da Leif Andersson, ya nuna cewa tushen abin shi ne ninkuwar wani yanki na kuromosom na 20 (kuromosom shi ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa) mai ɗauke da wata ƙwayar gado da ake kira EDN3. Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne an samu ninkuwar iri ɗaya a Silkie ta ƙasar Sin, da Ayam Cemani ta Indunusiya, da baƙar H'Mong ta Biyetnam, da Svarthöna ta Suwidin, wanda ke nuna cewa sau ɗaya sauyin ya auku a can baya, sannan ya yaɗu da yawon mutane da kajinsu. Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce duhun zanko alama ce ta wani gado da iri da yawa suka yi tarayya a kansa, ba tambarin iri guda ba ne. Manhajar kuwa, a duk gwajin da na yi mata, tana tafiya ne kamar duhun zanko sunan iri ne.

Inda ta fi yin abin kirki shi ne a kan Silkie, kuma babu mamaki, domin Silkie ba ta kama da kowace kaza. Gashinta ba shi da ƙananan ƙugiyoyin da ke riƙe zaren gashi wuri ɗaya, shi ya sa yake tashi buzu-buzu kamar auduga. Tana da tukku a ka, da gashi a ƙafa, da yatsu biyar maimakon huɗu, da fatar kunne mai shuɗi mai haske, sannan zankonta ɗan dunƙule ne mai duhu, ba mai tsini-tsini ba. Ko da gashinta fari ne fat, idan aka buɗe shi da yatsa za a tarar da fata baƙa mai ratsin shuɗi. Na ba manhajar hotunan Silkie fara da baƙa da ruwan ƙasa, daga gaba da gefe, kuma ta gane su duka. Shafin bayaninta ma daidai yake, har ya ambaci cewa an shigar da ita kundin ƙa'idojin kaji na Amurka a 1874. Sai dai a nan ma akwai abin lura: da na ba ta hoton wani zakara ruwa biyu, mai gashin Silkie amma da jan zanko mai tsini da yatsu huɗu, ta kira shi Silkie da cikakken tabbaci. Gashin ta gani, ba ta duba sauran ba.

Matsalar ta fito fili a kan baƙaƙen kaji masu santsin gashi, kuma a nan ne zan daɗe. Kusan duk baƙar kazar da na nuna mata, muddin fuskarta na da ɗan duhu, Ayam Cemani take sakawa a sama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ayam Cemani ita ce ta fi kowace baƙar kaza suna a intanet, hotunanta sun fi yawa, saboda haka manhajar da aka koyar da hotunan intanet za ta riƙa karkata gare ta. Asalin irin daga tsibirin Java na Indunusiya ne, ana danganta shi da kajin yankin Kedu, kuma wani mai kiwo ɗan ƙasar Holan, Jan Steverink, ya kai shi Turai a 1998. Cemani ta ƙwarai tana da zanko mai tsini-tsini guda ɗaya, baƙi ƙirin, da baƙin leɓe da baƙin baki da baƙin ido, ƙafafu da tafin ƙafa da farce duk baƙaƙe, gashin kuma yana sheƙi kore idan rana ta buge shi. Jikinta siriri ne a miƙe, zakara yana kai kilo 2 zuwa 2.5, kaza kuwa kilo 1.5 zuwa 2.

To amma ga Svarthöna, wadda ita ma baƙa ce daga zanko har ƙafa, zankonta mai tsini ne, nauyinta bai yi nisa da na Cemani ba, sai dai an san ta da jure tsananin sanyi. Ga Kadaknath ta jihar Madhya Pradesh a Indiya, wadda namanta na gundumar Jhabua ya samu rajistar asalin yanki, wato shaidar hukuma cewa kayan wannan yankin ne, a 2018, kuma tana zuwa a launi uku: baƙa zalla, da mai ratsin fari a gashin wuya, da mai ruwan zinare a wuya da kai. Ga kuma Ogye ta Koriya ta Kudu. Manhajar tana da shafin Svarthöna da na Kadaknath, amma ban ga ta ɗora ɗayansu a matsayi na farko ba, har a hotunan da masu kiwon da suka san asalin kajinsu suka ba ni. Wata Kadaknath mai ruwan zinare a wuya, wadda wannan launin kaɗai ya isa ya fitar da ita daga sahun Cemani, ita ma Cemani aka kira ta. Ogye kuwa ba ta cikin jerin ma. A yi wa manhajar adalci: bambance Cemani da Svarthöna daga hoto guda abu ne da gogaggen mai kiwo ma zai yi taka-tsantsan a kansa, domin sau da yawa takardar asali ce ke raba gardama. Laifinta ba rashin sani ba ne, laifinta shi ne babban kason tabbacin da take liƙa wa amsar da ba ta da hujjar tabbatarwa.

Wannan tabbacin yana da illa a aljihu, domin ana sayar da Cemani da tsada sosai, kuma kasuwarta cike take da ruwa biyu. Yanayin baƙin nan gado ne mai rinjaye, wato ko daga uwa ko uba kaɗai aka samo shi yana iya bayyana, shi ya sa ɗan tsakon da aka haɗa da wani iri zai iya fitowa baƙi ƙirin a ranar ƙyanƙyasa. Sai ya fara girma, musamman idan zakara ne, sannan ja ya fara kunno kai a tsinin zanko da gefen leɓe. Na ga wannan a kusa a jikin wani matashin zakara: daga nesa baƙi ne tsaf, amma da aka riƙe shi aka juya leɓensa wajen haske, sai ga ja mai duhu yana lekowa ta ƙarƙashin baƙin kamar garwashi a cikin gawayi, farce biyu na ƙafar hagu farare ne, cikin bakinsa kuma ruwan hoda ne. Manhajar ta ce Cemani ne ba tare da wata shakka ba. Wanda ya je sayen kaza da wannan amsar a hannunsa ya riga ya ba mai sayarwa rabin nasara.

Akwai kuma wata ƙwayar gado da ke ƙara dagula lissafin, wadda shafukan manhajar ba su ambata ko sau ɗaya ba. Ana kiranta Id, aikinta hana baƙin launi sauka a fata, kuma tana kan kuromosom ɗin jinsi na Z. A kaji, mace ce ke da Z guda ɗaya, namiji yana da biyu. Saboda haka idan zakara mai baƙar fata ya bi kazar da ke ɗauke da Id, 'ya'ya mata za su gaji Z na ubansu kaɗai su fito da duhun fata da fuska, maza kuwa za su gaji Id daga uwarsu su fito da haske. Kwanci ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, amma sagarun suna da baƙar fuska, zakarun suna da ja. Da na ba manhajar hotunan 'yan uwa irin waɗannan, ta raba su iri biyu daban. Babu zaɓin “ruwa biyu” a cikin amsoshinta, dole sai ta laƙaba wa kowace kaza sunan wani tsantsar iri, alhali mafi yawan kajin da ke yawo a gidajen mutane a ko'ina haɗe-haɗe ne.

Sai kuma wani rukuni daban, wato kajin da fuskarsu da zankonsu ke da duhu amma namansu ba baƙi ba ne. Sumatra ita ce babban misali. Baƙa ce mai sheƙin kore, fuskarta shunayya mai duhu, to amma zankonta ɗan ƙarami ne mai layi uku a kwance, leɓenta kusan babu shi, wutsiyar zakaran doguwa ce tana sharar ƙasa, sau da yawa yana da ƙaya fiye da ɗaya a bayan kowace ƙafa, kuma fatar jikinsa da tafin ƙafarsa rawaya ne. An shigar da ita kundin ƙa'idojin Amurka a 1883. Idan hoton ya nuna zakaran Sumatra gaba ɗayansa daga gefe, manhajar tana gane shi saboda wutsiyar. Idan kaza ce, ko kuma hoton kai ne kawai, sai ta koma ga Cemani, duk da cewa siffar zankon biyun ba ta da alaƙa ko kaɗan. Wannan ya nuna min cewa launi take aunawa fiye da siffa, kuma a wajen gane iri siffar zanko ta fi launinsa amana. A kan Sebright, ƙaramar kazar nan ta Ingila da Sir John Sebright ya samar a farkon ƙarni na 19, ba ta yi kuskure ba, domin baƙin zagayen da ke gefen kowane gashi ba ya ɓuya, ko zankon ya zama mai duhu kamar yadda ake so, ko ya zama ja kamar yadda ake yawan gani yanzu. Wasu launukan Modern Game masu duhun fuska ma ta gane su ta dogayen ƙafafunsu.

Haske yana taka rawa fiye da yadda na zata. Kyamarar waya tana shan wahala da baƙin abu: a inuwa tana cinye bambancin da ke tsakanin ja mai duhu da baƙi, a tsakar rana kuma sheƙin gashi yana sa ta rage hasken hoton har fuskar ta dushe. Wata sagarar Australorp, irin da zankonsa ja ne, wadda ba ta fara ƙwai ba kuma fuskarta na da ɗan duhun ƙuruciya, ta fito Cemani a hoton da aka ɗauka cikin akurki, ta kuma fito Australorp a hoton da aka ɗauka a fili da safe. Manhajar tana ba da shawarar a ɗauki hoto mai kyau, amma ba ta gargaɗin mutum idan hoton ya yi duhu, tana dai ba da amsa.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ne ya sa ba zan iya ba sabon mai kiwo shawarar dogara da ita ba, shi ne ba ta bambance duhun gado da duhun ciwo. Kazar da aka san ta da jan zanko, idan ya rikiɗe ya koma shunayya ko shuɗi-shuɗi cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba maganar iri ba ce, alama ce cewa iskar numfashi ba ta isa jininta. Hakan na faruwa a murar tsuntsaye mai tsanani, da kwalarar kaji wadda kan zo da kumburin leɓe, da ciwon zuciya ko taruwar ruwa a ciki a kajin nama masu saurin girma. Ƙurajen kaji suna barin baƙin ɓawo ɗigo-ɗigo a zanko da leɓe da gefen ido. Tsananin sanyi yana kashe tsinin zanko ya yi fari sannan ya yi baƙi ya bushe. Faɗan zakaru ma yana barin busasshen jini da ke kama da baƙin tabo. Na ba manhajar hoton wata baƙar kaza da zankonta ya yi shunayya saboda rashin lafiya, idonta a lumshe, fuka-fukanta a sake, sai ta fito da sunayen iri uku masu duhun zanko ba tare da ko kalma ɗaya ta gargaɗi ba. Duhun gado yana nan tun kazar tana ƙarama, ya rufe zankon daidai wa daida, kuma kazar tana cin abinci tana tono kamar kowa. Duhun ciwo sabo ne, yakan zo da kasala ko kumburi ko wahalar numfashi, kuma abin da yake buƙata shi ne a ware kazar nan take a kira likitan dabbobi, musamman idan fiye da ɗaya ce ta kamu. Layi ɗaya a ƙarƙashin amsa, mai tambayar ko zankon ya daɗe a haka, da ya wadatar, kuma ban ga abin da ya hana masu manhajar saka shi ba.

Shafukan bayanin sun fi injin gane hoton inganci, ko da yake su ma ba su tsira ba. Shafin Cemani ya faɗi gaskiya cewa ƙwanta ba baƙi ba ne, launin madara ne mai ɗan ratsin hoda, kuma wannan gyara ne mai amfani ganin yadda hotunan baƙin ƙwai da aka rina suke yawo a intanet ana cewa nata ne. Amma shafin ya yi shiru game da jini, wanda shi ma ake yawan yi masa ƙarya, alhali ja ne kamar na kowace kaza. Babu kuma inda aka koya wa mai karatu abin da masu kiwo ke yi da hannu idan suna son tabbatarwa: a ɗaga fiffike a duba fatar da ke ƙarƙashinsa, a buɗe baki a duba harshe da ganda, a juya ƙafa a duba tafi da farce, a ƙirga yatsu, a duba launin fatar kunne, sannan a nemi ganin uwa da uba. Ko a nan sai da lura, domin harshen Cemani ta gaske ma yakan zama toka-toka maimakon baƙi ƙirin, saboda haka ba a yanke hukunci da alama ɗaya. Manhajar hoto ɗaya take karɓa a lokaci guda, ba ta da hanyar haɗa hoton kai da na ƙafa da na fata ta auna su tare, kuma a kan waɗannan kaji wannan gibin ya fi kowanne girma.

Sigar kyauta ta isa ga wanda yake son samun sunayen da zai fara bincike da su, ko wanda yake son karanta tarihin iri a taƙaice, kuma a kan Silkie da Sebright da cikakken hoton zakaran Sumatra amsarta abin karɓa ce. Sigar da ake biya ba ta ƙara komai a ingancin ganewa ba, abin da ta ƙara shi ne cire talla da ajiye tarihin hotuna da ɗage iyakar adadin hoton da za a iya dubawa a rana. Ban sabunta rajistata ba da watan ya ƙare, kuma ba zan sabunta ba sai an saka zaɓin ruwa biyu, an ba da damar ɗora hotuna da yawa na kaza guda, an kuma saka gargaɗin rashin lafiya a duk lokacin da zanko mai shunayya ya bayyana a hoto.